Tsaro a Ƙofar Gari ko a Kowane Zaure?

Duk ofishin da ke da kwamfutoci sama da goma, in ka bi wayoyin da suka fito ta bayansu, za su kai ka wani ɗan ɗaki, ko wata durowar ƙarfe da aka kafe a bango. A ciki za ka tarar da akwati mai faɗi, da ramuka 24 ko 48 a jere, ƙananan fitilu suna ta ƙyafta ido. Wannan shi ne suwic. Aikinsa na asali aikin ɗan aike ne: ƙunshin bayani ya shigo ta wani rami, ya dubi adireshin da ke jikinsa, ya miƙa shi ramin da mai adireshin yake. Ba ruwansa da wanda ya aiko, ba ruwansa da abin da aka ƙunso.

Sai dai irin suwic ɗin da manyan ofisoshi ke saya a yau, na Cisco da Juniper da Aruba, an ba shi ikon da ya wuce aike. Ana iya rubuta masa jerin dokoki, abin da ma'aikatan fannin ke kira ACL, a ce wane ya wuce, wane ya tsaya. Kwamfutar ɗakin baƙi ta shiga intanet, amma kada ta leƙa sabar albashi, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da lissafin ma'aikata. Kyamarar bakin get ta yi magana da na'urar da ke ajiye hotunanta, ita kaɗai. Daga nan gardama ta taso, kuma na daɗe ina jin ta a bakin injiniyoyin da ba na raina sanin ko ɗaya daga cikinsu. Wasu na cewa duk suwic ɗin da ke iya tacewa a sa shi ya tace. Wasu na cewa a bar ɗan aike ya yi aikensa, tacewa ta fayawol ce, na'urar da aka girke tsakanin ofis da intanet don wannan aikin kawai. In aka kwatanta da tsohon birni, waɗannan sun dogara da ganuwa da sarkin ƙofa, waɗancan kuwa so suke kowane gida ya ajiye mai gadi a zaure.

Kafin a ji ta bakin kowa, ya kamata mai karatu ya san yadda jerin ke aiki, domin rabin gardamar daga nan take. Ana bin dokokin ne daga sama zuwa ƙasa. Ƙunshi ya iso, a gwada shi da layin farko. In ya dace, a zartar masa da hukuncin wannan layin, bari ko hani, kuma ba za a ƙara duba sauran ba. In bai dace ba a sauka na biyu, haka har ƙasa. A can ƙarshe kuma akwai wani layi da ba a rubuta ba, ba ya fitowa ko an buɗe jerin ana dubawa, amma yana nan daram: duk abin da ba a ambata ba, an hana shi. A na'urorin Cisco, jerin da aka ba lamba daga 1 zuwa 99 adireshin mai aikowa kaɗai yake dubawa. Wanda aka ba lamba daga 100 zuwa 199 yana duba mai aikowa, da wanda aka aika wa, da irin maganar da za a yi, wadda ake ganewa da lambar ƙofa: 443 ta shafukan intanet masu kulle ce, 53 ta neman adireshin suna, 22 ta shiga na'ura daga nesa a asirce, 23 ta shiga daga nesa a fili, 445 ta musayar fayil tsakanin kwamfutocin Windows. Ana iya liƙa jerin a rami ɗaya, ko a kan rukunin kwamfutoci gaba ɗaya, wanda ake kira VLAN, ko a mashigar da ke tsakanin rukuni da rukuni.

Masu cewa a tace a suwic, babbar hujjarsu ita ce sarkin ƙofa ba ya ganin abin da ke faruwa a cikin unguwa. Idan kwamfutar akawu ta yi magana da ta ma'aji, kuma suna suwic ɗaya, rukuni ɗaya, saƙon ba zai taɓa bi ta fayawol ba. Ya shiga ta rami na 5, ya fita ta na 12, magana ta ƙare. Ko miliyan nawa aka sayi fayawol ɗin, bai san an yi ba. Ɓarawon da ya riga ya haura, ko wanda aka shigo da shi a cikin kaya, gari ya zama nasa.

Shekarar 2017 ta ba su shaida sau biyu cikin ƙasa da wata biyu. Ranar Juma'a 12 ga Mayu, cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150. Ba ta jiran kowa ya buɗe saƙo ko ya danna wani abu. Da ta kama kwamfuta ɗaya sai ta shiga ƙwanƙwasa ƙofa ta 445 a gidan duk maƙwabta, wadda ta tarar ba a sa mata gyaran da Microsoft ya fitar tun watan Maris ba, ta faɗa ciki. A Ingila ta taɓa kusan kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000. Ranar 27 ga Yuni ta biyu ta iso, NotPetya, wadda ta biyo ta wata manhajar lissafin haraji ta ƙasar Yukren. Wannan ta fi waccan sharri, domin ta shigo ne a rigar sabunta manhajar da aka yarda da ita, ganuwa ba ta da dalilin tare ta. Bayan ta shiga, sai ta riƙa kwashe kalmomin sirri daga ƙwaƙwalwar kwamfutar da ta kama, tana buɗe na gaba da su, har waɗanda aka yi wa gyaran. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk, wanda reshensa ke gudanar da tashar kwantena a Apapa, sai da ya sake ɗora manhaja a kwamfutoci 45,000 da saba 4,000, asararsa ta kai tsakanin dala miliyan 250 da 300. Abin da ya hana lamarin wuce haka, wata saba ce guda a ofishinsa na Afirka ta Yamma, wadda aka ɗauke wa wuta a daidai lokacin harin, ta zama ita kaɗai ke riƙe da kundin sunaye da izinin ma'aikata lafiya lau. A duba wannan da kyau: wadda ta tsira ita ce wadda ta rabu da sauran, kuma ɗaukewar wuta ce ta raba ta. Masu ACL sai su ce, don me za a jira dace ya yi abin da layi biyu za su yi? A yawancin ofisoshi kwamfutar sakatare ba ta da wata hulɗa da ta mai ajiyar kaya ta ƙofar 445. Kowacce da saba take magana. In an hana su ƙwanƙwasa wa juna ƙofa, cutar da ta kama ɗaya ta rasa hanyarta mafi sauƙi.

Hujjarsu ta biyu ta shafi na'urorin da ba sa iya kare kansu. Kyamarorin tsaro, firinta, na'urar ɗangwala yatsa ta rajistar zuwa aiki, wayoyin tebur: ba a sa musu manhajar kashe cuta, da yawansu ba a taɓa sabunta su ba tun ranar da aka kafa su, wasu ma da kalmar sirrin da suka baro masana'anta da ita suke aiki har yau. A 2016 cutar Mirai ta tara ɗaruruwan dubban irin waɗannan na'urori da kalmomin sirri kusan 60 kacal, tana gwada su ta ƙofa ta 23, kuma da wannan runduna aka kai wa kamfanin Dyn harin 21 ga Oktoba, wanda ya hana ɗimbin mutane a Amurka shiga Twitter da Netflix. A ƙarshen 2013 kuma, ɓarayin da suka kwashe bayanan katin banki miliyan 40 daga shagunan Target na Amurka, da izinin wani ɗan kwangila mai aikin na'urorin sanyaya ɗaki suka fara shiga, daga nan suka lallaɓa har injinan karɓar kuɗi. Na'urar da ba ta da kariya a jikinta, wuri mafi kusa da za a tsaya mata shi ne ramin da aka soka wayarta.

Sai batun gudu da kuɗi. Bin layi-layi da na zayyana, ma'anar hukuncin ke nan. A aikace suwic yana loda dokokin ne a wata ma'ajiya ta musamman mai suna TCAM, wadda ke gwada ƙunshi da dukkan layukan a bugu ɗaya, don haka tacewa ba ta rage masa sauri. Fayawol da zai iya ɗaukar dukkan zirga-zirgar cikin gida kuwa, da dala ake sayensa, lasisinsa ma shekara-shekara ake biya. Makaranta ko asibiti ko cibiyar jarrabawa ta kwamfuta da ta riga ta sayi suwic mai wannan iko, ta biya kuɗin mai gadi ke nan tun farko, abin da ya rage a ba shi umarni.

Ɗaya ɓangaren ba su musanta ko ɗaya daga cikin waɗannan labarai ba. Abin da suke cewa shi ne mai gadin zauren nan ba ya riƙe fuska. Fayawol yana tuna hira: in kwamfutar ciki ta fara magana da wata saba, ya ajiye a ransa, amsar da ta dawo ya gane ta ya ba ta hanya, wanda kuma ya zo da sunan amsa alhali ba a tambaye shi ba ya tare shi. Shi kuwa suwic, kowane ƙunshi baƙo ne a wurinsa, ko da yanzu-yanzu ɗan'uwansa ya wuce. Dole mai rubuta doka ya buɗe hanyar tafiya, ya kuma buɗe ta dawowa da hannunsa. Akwai wata kalma da ake ƙarawa a layi don abin da ya yi kama da amsa ya wuce, amma alama kawai take dubawa a jikin ƙunshin, alamar da duk mai mugun nufi zai iya mannawa, kuma ba ta aiki ga nau'in saƙon UDP, wanda neman suna da kiran murya ke tafiya a kansa. Ƙarshenta ko dai a buɗe hanyar dawowa wangale har tsaron ya zama na jeka-na-yi-ka, ko a matse har aiki ya tsaya.

Suna ƙarawa da cewa lambar ƙofa ta daina nuna abin da ke wucewa. Yau kusan komai ta 443 yake bi, a kulle: imel, hada-hadar banki, taron bidiyo, har da cutar da ke karɓar umarni daga ubangidanta. Suwic ba shi da idon bambance su. Adireshi ma ba ya tabbatar da mai shi. Kwamfuta na iya samun wani gobe, mai wayo na iya aron na wani. Kuma jerin da aka rubuta don tsohon salon adireshi, IPv4, bai shafi sabon salon IPv6 ba, wanda Windows ke zuwa da shi a kunne. Sai an rubuta masa nasa daban, abin da mutane da yawa ke mantawa. Game da WannaCry kuwa, suna tunatar da cewa rahoton hukumar binciken kuɗin gwamnatin Birtaniya na Oktoban 2017 ya nuna da an sa gyaran Microsoft a kan kari, ko an kula da fayawol ɗin da ke fuskantar intanet, da asibitocin sun tsira. A ganinsu ganuwar ce ta tsage, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A liƙe tsagar, ya fi a cika gari da masu gadi.

Amma hujjarsu da ta fi shiga ta ita ce ta kuskuren ɗan Adam, domin na ɗanɗana ta. Wata Juma'a da yamma, a wani ofishi da nake kula da sadarwarsa, na rubuta jeri don raba kwamfutocin ma'aikata da ɗakin saba. Na ba neman suna hanya, na ba intanet, na ba manhajar aiki, na gwada daga tebur uku, komai lafiya, na tafi gida. Litinin da safe, tun kafin ƙarfe tara wayata ta shiga ruri: babu netwok, a ko'ina. Abin da na manta ɗan ƙarami ne. Kwamfutar da ta tashi ba ta da adireshi, da sifili huɗu take kiran mai rabon adireshi, ni kuwa na ce masu adireshin rukuninmu kaɗai za su wuce. Ranar Juma'a kowa na riƙe da nasa, shi ya sa gwajin ya yi kyau. Kafin Litinin wa'adin ya ƙare, kowa ya nemi sabo, layin nan da ba a gani ya haɗiye roƙon duka. Ma'aikata suka zauna jugum kusan awa biyu, masu jiran a biya musu buƙata suna tsaye a waje. Gyaran layi ɗaya ne tak. Gano shi ne ya ci lokaci, domin suwic bai yi ƙorafi ba, bai kunna jar fitila ba; abin da na umarce shi ya yi.

Irin waɗannan tarkuna suna da yawa. A dokokin Cisco ana rubuta iyakar rukuni a juye: inda aka saba rubuta 255.255.255.0, a nan 0.0.0.255 ake so, kuma in ka rubuta wanda hannunka ya saba, na'urar za ta karɓa ba musu, ta fahimci wani abu daban. Layin bari mai faɗi in ya hau saman layin hani, hanin ya zama ado. A tsohon salon jeri mai lamba, wanda ya yi niyyar goge layi ɗaya yana iya tarar da ya share jerin baki ɗaya. Wanda ya fi ciwo shi ne mai gyara suwic ɗin reshe daga nesa, ya shigar da layin da ya datse hanyar da shi kansa yake bi. Daga nan sai dai a nemi mota, a ɗauki kebul ɗin konsol da ake sokawa kai tsaye a jikin na'urar, a kama hanya. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Wannan a suwic ɗaya. Ka ninka shi arba'in, a benaye da rassa, kowanne da jerinsa, an rubuta su a shekaru daban-daban da hannaye daban-daban. Ma'ajiyar TCAM ɗin nan ma tana da iyaka. In ta cika, wasu na'urorin su tura aikin ga ƙwaƙwalwar lissafi su yi nauyi, wasu su ƙi ɗaukar sabon jerin, kuma wanda ba ya karanta bayanan da na'ura ke fitarwa zai zaci dokarsa na aiki. Sannan ga halin da muka sani: injiniyan da ya rubuta ya samu aiki mai tsoka ya tafi, bai bar ko takarda ba. Magajinsa ya tarar da layi ɗari biyu, bai san dalilin ko goma ba, yana tsoron taɓa kowanne. Ranar da oga ya kira a fusace cewa firinta ta ƙi aiki, sai ya ɗora layin a-bar-kowa a saman jerin, da niyyar zai dawo ya gyara. Na sha buɗe suwic na tarar da wannan layin, ya shekara da shekaru a wurin. Ofishin da ke cikin wannan hali ya fi wanda ba shi da ACL ko ɗaya zama cikin haɗari, domin shugabanninsa sun saki jiki suna ganin akwai tsaro.

Akwai wani abu da ya faru a Kanada wanda kowane ɓangare ke jan sa zuwa gefensa. Ranar 8 ga Yulin 2022 kamfanin sadarwa na Rogers ya ɗauke ɗif. Masu hulɗa da shi sama da miliyan 12 suka rasa waya da intanet, biyan kuɗi da kati ta tsarin Interac ya tsaya a faɗin ƙasar, wasu suka kasa kiran lambar gaggawa ta 911. Binciken da hukumar sadarwar ƙasar ta sa aka yi ya gano cewa ana cikin aikin sabunta tsari ne, a mataki na shida cikin bakwai, aka cire wani jerin tacewa daga rautocin rarrabawa, wato na'urorin da ke zaɓar wa saƙo hanya tsakanin sassan sadarwa. Jerin nan shi ke hana sanarwar hanyoyi yi wa manyan rautocin tsakiya ambaliya. Da aka cire shi suka kwararo, rautocin suka kasa ɗauka suka faɗi. An ɗauki matakin a matsayin mai ƙaramin haɗari saboda na baya sun tafi lafiya, kuma injiniyoyin sun sha wuyar isa ga na'urorin, domin hanyar da suke bi su yi gyara ta cikin abin da ya faɗi ta bi. Rautoci ne, ba suwic na ofis ba, kuma sanarwar hanya ake tacewa, ba saƙon ma'aikata ba, amma aikin ɗan gida ɗaya ne. Masu ƙin yawan dokoki na cewa, kun gani, taɓa jeri ɗaya ya durƙusar da ƙasa. Masu goyon baya na cewa jerin nan shi ya riƙe ginin tun farko, zare shi ne ya jawo rushewa. Ni abin da na gani ginshiƙi ne da aka zare ba tare da an auna nauyin da ke kansa ba, kuma wannan ya fi kama da laifin rashin rubutu da rashin gwaji fiye da laifin ginshiƙin.

In aka ce in yanke, wajen gane ciwo masu ACL sun fi gaskiya. Zamanin da ake ɗaukar duk wanda ke cikin ganuwa ɗan gari ne ya wuce. Ma'aikaci na fita da laftof ɗinsa gida da otal ya dawo ya soka, baƙo na neman waya ya haɗa, ɗan kwangila na shigowa daga nesa. Tun 2010 John Kindervag na kamfanin Forrester ya yi kira da a daina amince wa na'ura don kawai tana ciki, kuma a 2020 hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta fitar da jagora a kan wannan tsari. Amsar da ake bayarwa, cewa a riƙa sa gyara a kan kari, daidai ce, sai dai ba ta amsa NotPetya ba, wadda ta shiga gyararrun kwamfutoci da kalmar sirrin sata. Ba ta kuma amsa kyamarar da masana'antarta ta daina fitar mata da gyara ba, ko injin ɗaukar hoton asibiti da ke kan tsohuwar Windows wanda ba a yarda kowa ya taɓa shi. A Najeriya ma, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin ɗaukar matakan tsare su, kuma ofishin da wayar ɗakin baƙi ke kaiwa kai tsaye zuwa fayil ɗin majinyata zai sha wuyar cewa ya ɗauka.

Wajen magani kuwa, masu fayawol sun faɗi gaskiya a kan iyakar suwic. Duk dokar da ke buƙatar tuna hira, ko sanin wane mutum ne, ko leƙa abin da aka ƙunso, ta fi ƙarfinsa, kuma wanda ya tilasta masa ita zai ƙare da jerin nan mai layi ɗari biyu. Zirga-zirga tsakanin ma'aikata da ɗakin saba, in da hali, a bi da ita ta fayawol. Ɗan shagon buga takardu mai kwamfuta shida da ƙaramin suwic ɗin da ba a ba shi umarni kuwa, wannan gardama ba tasa ba ce. Ya sabunta Windows ɗinsa, ya ajiye kwafin aikinsa a gefe.

Abin da ya rage wa suwic kaɗan ne, amma ba mai yi masa shi. Gaba da komai, kuma a nan ban ga wurin gardama ba, akwai ƙofar suwic ɗin kansa. A watan Afrilun 2018 an bi ta ƙofa ta 4786, wadda wani tsarin sauƙaƙa girka na'urorin Cisco ke bari a buɗe, aka goge saitin suwic masu yawa a Iran da Rasha, aka bar musu zanen tutar Amurka. A Oktoban 2023 kuma an shiga dubun-dubatar na'urorin Cisco ta shafin gudanarwarsu da aka bari yana kallon intanet. A duka biyun shawarar da aka bayar ita ce a kashe hidimar, ko a taƙaita masu isa gare ta da ACL. Jeri mai layi uku da ke cewa kwamfutocin masu kula kaɗai za su ba suwic umarni, ta ƙofa ta 22, a kuma rufe ta 23 ruf, ko mai tsananin ƙin ACL yana rubuta shi. Bayan wannan sai kyamarori da firinta a killace su a rukuninsu, kowacce ta ga wanda take wa aiki kawai. Baƙi a ba su intanet a rufe musu sauran gida. Kwamfutocin ma'aikata kuma a hana su neman juna ta 445 da 3389, wadda ake shiga allon wata kwamfuta da ita daga nesa. Waɗannan dokoki ne masu kauri, ba sa sauyawa kowane mako, ba sa buƙatar tuna hira, kuma duk ba su cika shafi ɗaya ba.

Yadda ake shigar da su ma yana da nasa ladabi, wanda ni da tsada na koye shi. A ba jeri suna maimakon lamba, a rubuta dalilin kowane layi a samansa, da wanda ya nema, da ranar. Na'urar ta tanadi wurin wannan bayani. Layin ƙarshen nan da ba a gani, a rubuta shi a fili a sa shi ya riƙa ƙidaya abin da ya tare, don ranar da aiki ya tsaya a san inda za a duba. Sabuwar doka a fara sa ta a matsayin bari mai ɗaukar bayani na mako guda, a ga wa za ta shafa, kafin a juya ta hani. Mai aiki daga nesa ya ɗaura wa kansa igiya: a Juniper akwai umarnin da ke mayar da tsohon saiti bayan minti 10 in ba a tabbatar da sabon ba, a Cisco kuma ana iya sa na'ura ta sake tashi bayan wasu mintoci da saitin da aka adana. Kada a yi canji da yammacin Juma'a. Inda suwic suka yi yawa, a daina rubuta wa kowanne da hannu, tsarin 802.1X yana tantance na'ura lokacin da aka soka ta, ya sauko mata da dokarta daga wuri ɗaya. Kuma duk bayan watanni a duba ƙidayar layukan, wanda ba abin da ya taɓa shi a bincika ko aikinsa ya ƙare.

Hukuncina ke nan: a tace a suwic, amma da dokoki kaɗan, masu dalili a rubuce, masu mai su, sauran a bar wa fayawol. Ɗan'uwa mai riƙe da makullin ɗakin saba, gobe in ka shiga ofis ka buɗe suwic ɗinka ka karanta jerin daga sama har ƙasa. Layin da ka kasa faɗin dalilinsa, ka nemo dalilin ka rubuta, ko ka sa ranar gwada cire shi. In kuma ka tarar babu jeri ko ɗaya, ka fara da ƙofar suwic ɗin kansa.